Takardar da Ban Miƙa Ba

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, kada ku ɗauka ban sani ba. Kai Nasiru da ke Maryam, tun kuna 'yan makaranta kuke raɗa cewa Umma ba ta son Yaya kamar yadda take son ku. Har ranar da kuka yi faɗa a kan wanke-wanke, ke Maryam kika jefa mata maganar a fuska da wannan Turancin naki na 'yan Lewisham, ina kicin, na ji, na kuma yi kamar ban ji ba. To yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, ba ni da aiki sai kallon motocin bas ta taga, bari in rubuta muku yadda abin yake. Wanda Hausarsa ta gudu ya nemi mai karanta masa, ni dai ba zan rubuta wannan da Turanci ba.

Yayarku ita ce 'yar farina. A gidanmu a Bichi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta zama ta sa hannu a kwano ɗaya da shi. Kunya ke nan, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga dalili, haka muka tashi muka tarar. Ranar suna ina ƙuryar ɗaki da jaririya a cinya, na ji an ɗaga murya a zaure an faɗi sunan da aka raɗa mata, mata suka ɗauki guɗa. Bakina ya motsa zan maimaita, sai Inna, mahaifiyata, ta dafa mini gwiwa.

"Kin ji shi ko?" ta ce. "To ki haɗiye shi. 'Yar mutunci ba ta rawar kai a kan ɗan fari."

Na haɗiye shi kuwa. Da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, kamar yadda ake yi. Ba a jima ba Babanku ya sami karatu a Landan, muka taho muka bar ta, karatun shekara biyu ya koma zama. Nan aka haife ku, nan na goya ku, na yi ta ƙwala muku kira a tsakiyar kasuwar Lewisham ba tare da na ji komai ba, don ku ba 'ya'yan fari ba ne. Ita sai da ta shekara tara aka kawo mana ita. Har yanzu ina ganinta a filin jirgi, 'yar siririya, ɗankwali ya zame, tana rungume da ledar ƙuliƙulin da Inna ta aiko. Babanku ya sure ta sama yana ta kiran sunanta. Ni kuwa na karɓi ledar, na dube ta na ce, "Ke, kin rame." Wallahi a lokacin ji nake kamar in tsaga ƙirjina in saka ta a ciki, amma abin da ya fito daga bakina ke nan.

Babanku, Allah ya jiƙansa, shi ya riƙa rufa mini asiri. Ya san ciwona, bai kuma taɓa yi mini dariya ba. Idan na dafa kaza na tsamo ƙundu, wanda na san ta fi so, sai in sa a faranti in ce, "Alhaji, miƙa wa 'yarka." Idan ta ciyo jarrabawa, shi zai rungume ta, ni in shiga kicin in soya mata wainar shinkafa ban ce don ita na yi ba. Kullum da safe in zai fita aiki sai ya tsaya a ƙasan bene ya kira sunanta sau biyu, ko da ta amsa a na farko. Wata rana na tambaye shi ko kunnensa ne ya fara nauyi.

"Ɗaya nawa ne," ya ce, yana ɗaura igiyar takalmi. "Ɗayan naki ne, ina kira miki."

Haka muka yi ta yi har ta girma, ta zama likitar yara, ta auri Baban Ilham, mutumin Zariya mai sanyin hali, suka haifi Ilham. Sai aka wayi gari cikin wani sanyi Babanku ya rasu. Ni ina ta kukan miji, ban lura da abin da ya tafi da shi ba. Ku kuna ce mata Yaya. Mijinta yana ce mata Maman Ilham. A asibiti Dokta suke ce mata. Mutum ɗaya ne tak a duniya yake kiranta da sunan da aka yanka mata rago da shi, kuma mun kai shi makwancinsa.

Bayan na fita takaba, wata Asabar ta zo gida ta same ni ina yanka albasa. Ta tsaya a bakin ƙofar kicin da jakarta a kafaɗa, ta ce ta sami aiki a Kanada, ta karɓa, ƙarshen hutun makaranta za su tafi. Wuƙar ta zame a hannuna. Amma me na ce? Cewa na yi Allah ya sa alheri, na ci gaba da yanka albasata.

"Shi ke nan, Umma?" ta ce.

"To me kike so in ce? Ke da mijinki kun riga kun yanke."

"Umma, na san al'ada ce, a hannun Inna na tashi, ba sai an gaya mini ba. Amma tun da Baba ya rasu ban ƙara jin sunana a gidan nan ba. Ina zaune za ki kira Maryam sau goma, ni sai dai ke. Gara in tafi can nesa, in ban ji an kira ni ba in ce nisa ne."

Kun san ni da zuciya. Maimakon in ajiye wuƙa in dube ta, sai na hau ta da faɗa, na ce yau kuma ita za ta koya mini yadda ake zama uwa, ni da na haife ta ina da shekara goma sha tara. Ta gyara jakarta ta fita, ta ja ƙofar a hankali, ai da ma bugawa ta yi da na fi samun sauƙi. Wata biyu bayan nan tsakaninmu sai ina kwana, lafiya lau. Kwanaki suna ta tafiya, ni kuma na san sarai idan yarinyar nan ta hau jirgi da wannan maganar a ranta, ko ta dawo ziyara ba ita ce za ta dawo mini ba.

Baban Ilham ne ya shirya tafiyar. Ya ce Ilham za ta cika shekara biyar, kuma ga sallama, a je wurin wasan nan da ke can bakin Landan ta kudu, bayan an wuce Croydon, a kwana biyu a otal ɗin da ke ciki. Kai Nasiru aiki ya riƙe ka, ke Maryam kika biyo mu. Ni da farko na ce ina ni ina lilo da tsufana, sai Ilham ta riƙe mini zani ta ce in Hajiya ba ta zuwa ita ma ba ta zuwa. A mota Maryam ta raɗa mini cewa duk wuraren cin abincin Yaya ce ta yi booking, ta kama mana wuri da kanta, ta yi ta buga waya tana tambaya ina ne ke da naman halal, ina ne ke gasa kifi ba a haɗa shi da komai ba, saboda ni. Ita kuwa tana gaba kusa da mijinta tana kallon titi, ba ta juyo ba.

Kai, na ga abin mamaki a wurin nan! Manya da gemunsu su bi layi awa guda don a ɗaure su a kujera a wulla su sama a juye su, su sauko suna tangaɗi kamar kajin da aka fito da su daga buhu, su kuma sake komawa. Ni dai benci na nema a inuwa, aka tara mini jakunkuna da huluna na zama mai gadi. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ban yi tunaninsa ba tun daga gida shi ne tebur.

Da yamma, rana ba ta ko faɗi ba, muka shiga wurin cin abinci na otal. An yi masa ado kamar daji, ganyen roba yana reto daga sama, kukan tsuntsaye yana fitowa ta bango, ga tukwanen ƙarfe jere kowa ya ɗebi abin da yake so. Aka kai mu wani zagayayyen tebur mai kujera biyar. Na zauna, na ɗaga kai, sai ga surukina a gabana, ido cikin ido, ga 'yar farina a gefensa. Jama'a, shekara bakwai da aurensu ban taɓa kai loma baki a gaban mutumin nan ba. A gida abin da sauƙi, in zuba musu in ce ana jirana a kicin. Nan kuwa ina kicin ɗin da zan gudu? Yayarku ta tashi da kanta ta zubo mini shinkafa da gasasshen kifi, har da 'yar miyar barkono da ta roƙa aka kawo daga ciki, ta ajiye a gabana.

"Na ƙoshi," na ce. "A ba ni shayi kawai."

"Umma, tun safe ba ki ci komai ba."

"Na ce na ƙoshi, ko cikina a jikinki yake?"

Ta janye farantin. Ƙamshin kifin nan yana dukan hancina, cikina yana kuka, ina kurɓar shayi ina kallon ganyen roba. Da muka koma ɗaki na zaro dambun naman da na ƙunso a ƙasan jaka na ci da busasshen burodi, Maryam tana ta yi mini tsiya wai na zo otal mai tauraro ina cin abincin tasha.

Washegari wajen karin kumallo na haɗu da Fati. Mace ce dattijuwa, kakkaura, da rigar ma'aikata da ɗan ƙaramin mayafi, ita ke nuna wa mutane wurin zama. Ta ji ina yi wa Ilham faɗa da Hausa ta daina gudu, sai ta waigo da fara'a ta ce ita mutuniyar Kumasi ce, a Croydon take zaune, kullum sai ta hau taragon nan na kan titi sannan ta kama bas ta zo aiki. Hausarsu ta mutanen Zango, mace ma ka suke ce mata, sai da na danne dariya. Ta kai mu tebur, ta tsaya tana lura. Ta ga kowa ya ɗebo ƙwai da wake da burodi, ni na sake riƙe kofin shayi. Da su Baban Ilham suka tashi ƙaro abinci, ta sunkuyo kusa da kunnena.

"Mama, wancan surukinka ne ko? Na gane. Kakana ma haka yake yi. Zo, akwai wuri, babu wanda zai gan ka."

Ta ja ni bayan wata ƙatuwar bishiyar roba, inda aka ajiye ɗan tebur na mutum ɗaya, ta cika mini faranti. Na ce Allah ya yi mata albarka, na zauna na buɗe ciki. Ina cikin ci, hannu baka hannu ƙwarya, ga man ƙwai har a haɓata, sai na ji an tsaya a kaina. Yayarku ce, ta zagayo neman madarar Ilham. Ta dubi farantin, ta dube ni.

"Ashe kina cin abinci," ta ce a hankali. "Da mu ne ba kya ci."

Ta ɗauki madararta ta wuce. Na so in bi ta in ce ba ke ba ce, mijinki ne, amma ai na san ba mijinta kaɗai ba ne, har da ita, tun ranar da aka haife ta. Ranar nan haka muka yi ta a bushe. Da rana a wata rumfar da ake sayar da kaza da soyayyen dankali, ba ta ko tambaye ni me zan ci ba, ta sayo mini ruwa ta ajiye. Da yamma a wurin masu gasa burodin nan mai cuku, Ilham ta dubi uwarta ta tambaya da Turanci me ya sa Hajiya ba ta cin abinci da su, ko fushi take yi. Uwar ta share mata baki ta ce ta ci abincinta kafin ya huce. Baban Ilham, bawan Allah, ya yi ta ba da labarin wani lilo da ya kusa zubar masa da tabarau, ba wanda ya yi dariya sai shi.

Rana ta uku ita ce ranar haihuwar Ilham, ita ce kuma ta ƙarshe. An yi booking ƙarfe ɗaya a wani wuri da ke tsakiyar filin wasan, inda wani yake shiga cikin rigar zaki ya kawo wa yaro kek ana tafi. Ilham tun daga gida take maganar zakin nan. Sha biyu da rabi ta yi, su uku manya suna so su hau babban lilon nan da suka yi ta ɗokin hawansa, layi kuwa ya miƙe har ya lanƙwasa. Baban Ilham ya duba agogo ya ce wurin ba sa jira, in an makara kaɗan sai su yi cancel su ba wa wasu. Maryam, da bakinta da ba ya shawara da kanta, ta ce ai da sauƙi, Umma ta yi gaba da Ilham ta kama teburin.

"Kina zuwa kawai ki ce musu booking ɗin da sunan Yaya yake," ta ce.

Maryam ta rufe baki da hannu. Yayarku ba ta dube ni ba. Ta buɗe jaka, ta yago gefen taswirar wurin da aka ba mu a ƙofa, ta dafa a tafin hannunta ta rubuta sunanta da na mahaifinta da manyan baƙaƙe, ta ninke ta miƙo mini.

"Ki ba su wannan, Umma. Ba sai kin faɗa ba."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ne abin da ya kashe mini jiki. Sauƙi take nema mini. Yarinyar da na ɗauki cikinta wata tara ta tsaya a tsakiyar mutane tana rubuta mini sunanta a takarda, kamar yadda ake yi wa baƙon da bai san gari ba. Na karɓa, na kama hannun Ilham muka tafi. Tafiyar ba ta fi minti goma ba, amma ban san ta inda muka bi ba. Kiɗa yana tashi ta ko'ina, mutane suna ihu a sama, Ilham tana tsalle tana zuba mini surutun zaki, ni kuwa takardar nan tana cikin tafina har gumi ya jiƙa ta. Na tuna Babanku a ƙasan bene. Shekara talatin yana biya mini abin da ya kamata in yi da bakina, ni kuma na miƙe ƙafa na bar shi. Na tuna Inna da hannunta a gwiwata. Ban ce ta yi kuskure ba, har gobe ba zan ce ba, don a Bichi yarinya tana da kaka da gwaggo da inna da maƙwabta goma masu kiran sunanta daga safe har dare, shirun uwa ba ya yi mata komai. Amma ni na ɗauko shirun nan na kawo shi wani bene a Lewisham, inda ba kowa sai mu.

A ƙofar wurin akwai layi, mutum biyar ko shida. Da muka matso gaba sai na ga ashe Fati ce a tsaye bayan ɗan teburin karɓar baƙi, ranar nan can aka turo ta. Ta washe baki.

"Mama! Ka zo cin kek? Da wane suna aka yi booking?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta dubi fuskata, ta dubi hannuna da ke dunƙule, ta gane nan take, mace mai hankali.

"Ɗan fari ne ko? Kada ka damu, Mama. Kawo takarda in duba. Ko ga allo, ka nuna da yatsa kawai."

Ta juyo mini da allon da sunaye suke. Ga shi nan ina gani, na uku daga sama. Yatsa ɗaya ya isa, ba wanda zai ce na yi laifi, a ba mu tebur, a ci kek, a koma gida, ranar tafiya ta zo a yi Allah ya kiyaye hanya. Sai na ce a raina, ke Hajara, in kin kasa faɗa wa baƙuwar da ba za ki sake gani ba, yaushe za ki faɗa wa mai shi? Na cusa takardar a cikin jaka. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa kamar na fito ba mayafi. Sau ɗaya na gwada, iska ce kawai ta fito. Na sake jan numfashi.

"Safiyya," na ce. Muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda na nufa, har wani Bature a gefena ya waiga. "Sunanta Safiyya. 'Yata ce."

"Na'am, Umma."

Daga bayana aka amsa. Na juya, ga ta nan tsaye, ba ta fi taku biyu da ni ba, hannunta a kan baki, hawaye yana bin yatsunta. Ashe bayan mun tafi zuciyarta ta ƙi kwanciya da takardar da ta ba ni, ta fita daga layin lilo ta biyo mu don ta faɗa musu da kanta. Ta iso daidai lokacin da Fati take juyo mini da allo, ta tsaya a bayana.

Ban san me ake yi bayan wannan ba, ba wanda ya taɓa koya mini. Na tsaya kamar gunki. Ita ce ta matso ta kifa kanta a kafaɗata, likita guda, uwar 'ya, tana kuka kamar 'yar shekara tara ɗin nan ta filin jirgi. Na ɗaga hannu na dafa bayanta. Na ji ƙashin kafaɗarta a tafina, na kusa cewa ke kin rame, Allah ya taimake ni na kama bakina. Na sake faɗin sunan a hankali, a kunnenta, na biyu, don na mahaifinta. Fati tana share ido da gefen mayafi tana ce wa mutanen layi da Turanci su yi haƙuri. Ilham kuwa ta ja mini zani ta ce yunwa take ji, kuma ina zakin yake.

Da su Maryam suka iso, gashi a hargitse, suka tarar da mu zaune kujera kusa da kujera. Aka kawo kifi da dankali. Baban Ilham ya dubi farantina, ya miƙe wai zai je ya wanke hannu, na san so yake ya ba ni wuri.

"Zauna, Baban Ilham," na ce. "Yau kam sai dai ka kau da kai."

Ya zauna, ya ƙura wa fitilar sama ido kamar an ba shi aikin gyaranta, har aka gama bai sauke kai ba. Na zaro ƙullin yajina daga jaka na barbaɗa, na yi bismilla na ci. Wallahi kifin ba wani daɗi gare shi ba, lami ne, amma na cinye. Na ɓalli wajen da ya fi tsoka na sa a farantin Safiyya da hannuna, ban ce wa kowa ya miƙa mata ba. Zaki ya zo da kek yana rawa, Ilham da ta kwana biyu tana jiransa ta tsorata ta shige ƙarƙashin tebur, muka yi ta dariya har da ni.

Kada ku ɗauka shi ke nan komai ya gyaru. A mota muna dawowa, mun wuce Croydon, na tattaro ƙarfin hali na tambaye ta ko tafiyar tana nan. Ta juyo ta riƙe hannuna ta ce ta riga ta sa hannu, sun saki gidansu, an sama wa Ilham makaranta. Da na buɗe baki wata biyu kafin nan, ranar albasa, wataƙila da yanzu tana nan a gidanta na bayan tashar jirgin ƙasa, in hau bas in je. Ban buɗe ba. Wannan nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Sannan ke Maryam kika kai labari gida a waya, Yaya Hauwa, babbar yayata, ta kira ni daga Bichi ta ce ta ji abin da na yi a gaban suruki da Turawa, Landan ta gama cinye ni, Inna da tana raye da ta rufe fuska. Na ajiye waya na yi kuka sosai, don na san gaskiya ne, da ta rufe. Na yi mata addu'a, na roƙi Allah ya sa ta yafe mini, amma ban ce na yi nadama ba.

To kun ji. Ba ƙin ta na yi ba. Duk cikinku ba wanda na ambata a sujada kamar ita, shekara da shekaru, a inda ba mai ji sai Allah. Sunan mahaifinku da ke kan takardar kuwa har yau ban faɗa ba, wannan ku bar ni da shi, in tafi da abina. Takardar tana cikin gidan tabarauna, ta yi laushi, tawadar ta baje, in na mutu kada wani ya zubar da ita wajen shara.

Yanzu duk Lahadi bayan la'asar wayata takan yi ƙara, a can safiya ce. In na ɗauka ba ta yin sallama, ba ta cewa komai, sai in ji numfashinta kawai da motsin cokula a kicin ɗinta. Jira take yi. Har yau sai na ɗan waiga na ga ba kowa a ɗakin, sai na gyara murya, sannan in ce, "Safiyya."

Ta ce, "Na'am, Umma."